Daudu da Ƙararrawar Makaranta

Shekara tara na yi ina karatu a ƙasar da sai an duba takarda ake sanin lokacin shan ruwa da azumi. Cikin abubuwan da na dawo da su gida har da rashin yarda da duk wani aikin taimako da aka kafa wa allo a bakin titi. Na ga irinsu da yawa tun kafin in tafi. Ranar buɗewa a kafa rumfa, a yanka kirtani, a ɗauki hoto. In ka koma bayan damina biyu sai ka tarar da kwaɗo a ƙofa, awaki suna hutawa a baranda. Don haka da aka ce mini akwai wata makarantar ƙungiya da ɗakin shan magani a Tudun Guduma, unguwar masu fasa dutse tsakanin Kazaure da Roni, sun shekara shida ƙofarsu a buɗe, sai na ce a raina mai ba ni labarin yana da ɗan'uwa a ƙungiyar. Ƙarashen maganar ne ya tashe ni daga zaune. Wai makarantar ba ta da ƙararrawa, domin wani dattijo ya sace ta har sau uku, kuma yanzu ba a yin komai a wurin sai da shi. Na hau babur na tafi in ga ɓarawon.

Sunansa Daudu. Dogo ne siriri, yana da hancin Fulani, amma ƙurar dutse ta shekara arba'in ta mai da gashin girarsa launin toka. In ya ce maka "sannu da zuwa" sai ka waiwaya ka duba ko da wani yake can ƙetaren rafi. Matarsa Shatu ta ce kunnensa ne ya tafi. Shi kuwa ya ce mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki in suna magana.

A wata ruga ta wajen Gwiwa aka haife shi. Shanun mahaifinsa suka ƙare a wata shekarar fari, ya zo gindin dutse yana ɗan shekara goma sha tara, ya jingine sandar kiwo a kusurwar ɗaki, ya ɗauki guduma. A lokacin wuta ake hura wa dutse. A tara itace da tsofaffin tayoyi a kan fa, a kunna, in ya yi zafi a watsa masa ruwa ya tsage. Daga baya wani kamfani ya sami izini, ya kawo injin niƙa da mai harba nakiya. Mutanen unguwar suka koma bin abin da injin ya raina. Maza su farfasa manya, mata su zauna da ƙaramar guduma su mai da su tsakuwa, tifa ta zo ta kwashe.

Nakiya ba ta da ranar kanta. Wani mako sau biyu, wani mako ko sau ɗaya babu. Gargaɗin da ake yi da farko shi ne wani ya tsaya ya ce "A kauce!", wanda ya ji ya ji. Ran nan wani dutse kamar girman ƙwarya ya ɓula rufin ɗakin Daudu, ya tarwatsa randar Shatu, ya nutse a ƙasa taku ɗaya daga tabarmar da jaririnsu Halliru yake barci. Daudu ya tsaya ya daɗe yana kallon ramin. Kashegari ya ɗauko tsohon ƙarfen ƙafar tifa, ya rataye shi a reshen tsamiyar da ke kan tudu, inda ake hango ramin dutse ta nan, gidaje ta can. Ya sami mai nakiya ya ce masa, daga yau zai buga ƙarfe ya ɗaga jan ƙyalle, kuma ba a harbawa sai ƙyallen ya sauka. Ba wanda ya naɗa shi. Da kamfani ya ga abin yana da amfani, sai ya sa sunansa cikin masu gadi.

Shekara ashirin da shida ke nan ana haka kafin zuwan makaranta. Dokar guda ce: ka ji ƙarfe, ka saki abin da ke hannunka, ka shige bayan bango. Kowane gida a Tudun Guduma yana da bango mai kauri ta ɓangaren dutse, an yi shi ne don wannan. Uwa takan koya wa ɗanta dokar tun kafin ta yaye shi. Awakin unguwar sun san ta. Liman ya taɓa katse wa'azi a tsakiyar aya, ya ƙarasa ta a tsugune. Abin alfaharin Daudu a duniya shi ne ya ce, "A hannuna ko kaza ba ta karye ba." Shatu takan tuna masa da wata agwagwa. Yakan ce wannan dama ba ta da lafiya.

'Yan asalin yankin da ke kasuwanci da aikin gwamnati a Kano da Abuja su suka haɗa ƙungiyar. Suka gina ɗakunan karatu uku da ɗakin shan magani ɗaya a can gefen unguwa. Ginin kansa ya yi nesa da hatsari, amma gajeriyar hanyar zuwa can ta ratsa filin da ɓaraguzan nakiya suke sauka. Suka kawo shugabar makaranta daga Kazaure, Malama Ikilima, jikar wani tsohon magatakarda, mace mai tsabta da son lokaci, wadda takan duba agogo ko gaisawa ake yi. Suka kawo ma'aikaciyar lafiya, Nafisat, Babarbariya mai dariya a kusa, wadda unguwa ta laƙaba wa Likita tun ranar farko. Malama ta ce makaranta sai da ƙararrawa. Direban ƙungiya ya biya wajen mai faci a Kazaure ya karɓo mata tsohon ƙarfen ƙafar mota, irin wanda kowace firamare a ƙasar nan take bugawa. Aka rataye shi a darbejiyar tsakar makaranta.

Ranar buɗewa an kafa rumfa. Wakilin hakimi ya zo, shugaban ƙungiya Alhaji Jalaluddeen ya zo da baƙinsa, yara saba'in suka yi cirko-cirko cikin sababbin kaya, mata suka cika bayan rumfa da goyo. Malama Ikilima ta duba agogo, ta ɗauki guntun rodi, ta je ta buga ƙararrawa don yara su yi layi.

Kafin ƙarar bugu na uku ta mutu, babu ɗan Tudun Guduma ko ɗaya a filin. Yara saba'in suka ɓace. Mata suka ɓace da goyonsu. Mai unguwa, wanda yake tsakiyar gaida wakilin hakimi, ya tattare babbar riga ya bar "ranka ya daɗe" a rabi. Har ragon da aka saya a unguwar don walima ya tsinke igiya ya bi su. Baƙi suka rage su kaɗai, kowa da kwalbar lemo a hannu, suna kallon takalman da aka bari.

Wakilin hakimi ya gyara zama ya ce, "Malama, tun ba a fara ba har an tashi?"

Daudu bai je bikin ba, domin a cewarsa ba a barin bakin aiki don shinkafa. Yana ƙarƙashin tsamiyarsa ya hango unguwa gaba ɗaya ta zuba bayan bango. Ya dubi ƙarfensa, ga shi nan a rataye ko motsi ba ya yi. Ya dubi hannunsa. Sannan ya gangaro da gudumarsa a kafaɗa, ya ratsa rumfar baƙi ba sallama.

"Wa ya buga?"

Malama ta ce, "Ni ce, Baba. Ƙararrawar makaranta ce."

"Ta me?"

"Ta makaranta!"

"'Yar nan, kina da nakiya ne?"

"A'a, Baba."

"To wanda ba shi da nakiya ba ya buga ƙarfe a garin nan. Kwance shi."

Baƙi suka yi dariya, aka ba shi kujera ya ƙi zama. Malama ta yi masa bayani cikin ladabi. Iyaye suna fita aiki tun sassafe, ba mai taso yara. In ba ƙararrawa, wani sai hantsi zai zo, wani sai azahar. Kuma ai bugun ba ɗaya ba ne: nata uku-uku ne da ɗan hutu a tsakani, nasa kuwa ba tsayawa. Nata siririyar murya, nasa ƙatuwa. Yara suna da kai, za su koya.

Suka kuwa koya. Malama ta iya aikinta. Ta sa aka dama kunu, duk wanda ya zo da jin ƙararrawa yana da kofi. Makon farko sai da aka riƙa zaƙulo su daga bayan bango ɗaya bayan ɗaya. Mako na biyu suka fara leƙowa. A mako na huɗu ana bugawa sai ka ga sun ɓullo ta kowane lungu a guje. Malama ta rubuta wa ƙungiya cewa an shawo kan matsalar. Daudu yana kan tudu yana kallon yadda kullum yaran suke ƙara saurin fitowa da jin ƙarfe.

Wata Laraba tifofi suka yi layi tun da sassafe, kamfani ya ce a harba da wuri, wajen bakwai da rabi. Daudu ya ɗaga jan ƙyalle da hagu, ya dinga buga ƙarfe da dama. Manya suka shige bayan bango kamar kullum. Mai nakiya yana can ƙasa, hannunsa a kan abin harbawa, idonsa a kan ƙyallen. Daudu ya juya ya yi wa unguwa duban ƙarshe, irin wanda yake yi kafin ya sauke hannu. Sai ya ga yara suna fitowa daga gidaje. 'Yan aji ɗaya ne, kamar su goma sha biyu, jaka tana dukan bayansu, sun miƙe gajeriyar hanya sun shiga filin. A gabansu akwai Zara, 'yar shekara shida, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu don kada ta makara. 'Yar Halliru ce, jaririn nan da dutse ya tsallake.

Ya yi musu ihu su koma. Suka ɗauka cewa yake su yi sauri, suka ƙara gudu. Abin da ya rage masa shi ne hannun hagu, wanda ya riga ya yi tsami. Ya saki guduma ya tallafe gwiwar hannun da dama, ya tsaya haka ƙyalle a sama har ɗan ƙaraminsu ya fita daga filin. Sannan ya ɗaure ƙyallen a reshe don kada ya sauka, ya zauna a ƙasa. Ba a harba nakiya ba ran nan sai bayan azahar.

Malama Ikilima ta girgiza da jin labarin, har ta yi hawaye. Amma maganin da ta gani shi ne a ƙara koya musu. Ta zana ƙarfe biyu a allo, ta sa suka rera bambancin da waƙa.

Kashegari bayan sallar asuba Daudu ya biya ta makaranta, ya kwance ƙararrawar, ya ɗoro ta a kai ya kawo gida, yana gaisawa da mutane a hanya. Shatu ta juya ta, ta ga tukunyarta ta zauna daram a kai, ta mai da ita murhu. Malama ta aika Kazaure aka kawo wata. Ita ma ta kwana biyu ta bi 'yar'uwarta, Shatu ta samu na miya. Ta ukun da waya aka ɗaure ta, Daudu ya je da filaya. Shatu ta ce, "Malam, ya isa haka, ba ni da tukunya ta uku."

Magana ta je gaban mai unguwa. Aka shimfiɗa tabarmi a zaure, Malama a gefe guda, Daudu a gefe guda, Nafisat ta zo sauraro ta zauna bakin ƙofa.

Mai unguwa ya ce, "Daudu, an ce ka ɗauki kayan makaranta."

"Na ɗauka, ranka ya daɗe. In an kawo na huɗu ma zan ɗauka."

Malama ta ce, "Baba, ni fa ba gaba nake da kai ba. Duk mai kunne ya san ƙarar nan biyu ba ɗaya ba ce."

"Me ta ce?"

Mai unguwa ya maimaita masa da ƙarfi.

Daudu ya ce, "Mai kunne! A nan garin? Mutumin da ya shekara ashirin a gindin inji, ko yaron da yake tsakiyar wasa, shi zai tsaya yana ƙirga uku-uku? Ƙarfe a garin nan magana ɗaya yake yi. Kin zo kin koya masa ta biyu."

Aka yi ta jan magana, kowa yana kan bakansa. Sai Nafisat ta yi gyaran murya. Ita ma tana da tata damuwar. Wata shida da buɗe ɗakinta, namiji baligi ko ɗaya bai taka shi ba. Sun ce wurin mata ne da jarirai. Tana jin tarinsu daga nesa in sun taso aiki, ba yadda za ta yi ta sa musu abin sauraron ƙirji.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, me zai hana a gwada? A zaunar da yara da manya nesa kamar daga gida zuwa makaranta, inji yana aiki, su ba da baya. In buga wannan, in buga wancan. Wanda ya ji na dutse ya ɗaga dama, wanda ya ji na makaranta ya ɗaga hagu. Amma fa sai na duba kunnen kowa da ƙirjinsa a ɗakina, don kada a ce an yi maguɗi. Kuma Bafulatanin nan marar saniya shi zai zauna a gaba."

Tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa, don haka ba wanda ya ga rashin kunya. Daudu ya ce, "Ku ji mini Babarbariya. An ba ta ɗaki ɗaya tana neman ta kama gari."

"Tsoro kake ji, Baba?"

"Allura ce ban yarda da ita a hannunki ba."

Malama ta amince, domin ta tabbata da ɗalibanta. Mai unguwa ya sa ranar Asabar.

A gida Shatu ta zauna kusa da shi, ta yi magana daidai kunnensa na dama, wanda yake ɗan taɓukawa. "Malam, ka san in ka zauna a gaban yarinyar nan asirinka ya tonu. Kamfani ya ji mai buga ƙarfe ba ya jin ƙarfe, me kake tsammani?"

 Shekara da shekaru Daudu yana rufe wannan magana da faɗa da ɗaga murya, kuma ya san mazan unguwar ba za su shiga ɗakin Likita ba sai sun ga ƙeyarsa ta shiga. Ya ce, "Ke kin ga yadda Zara take gudu da takalmi a hannu?"



Ya bi maza gida-gida. Wanda ya ce ba shi da lokaci, Daudu ya tuna masa sau nawa ya riƙe masa ƙyalle yana can bayan gari da buta. Ranar Asabar maza arba'in da uku suka zauna a fili, yara a gefensu, duk sun ba ɗakin shan magani baya. Aka sanar da unguwa cewa ƙarfen yau na gwaji ne. Aka karɓo murhu ɗaya daga hannun Shatu da ƙyar, aka kankare toka, aka sauko da na tsamiya, aka rataye su biyun. Injin niƙa yana ta ruri daga nesa. Daudu yana gaba, ya miƙe wuya, tafukansa a kan gwiwa.

Nafisat ta buga na makaranta. Maza shida suka tashi a guje suka shige bayan bango, duk da an yi musu bayani sau uku. Cikin waɗanda suka zauna wasu suka ɗaga dama, wasu hagu, wani dattijo ya ɗaga duka biyun don kada ya faɗi. Manyan yara suka ci. Ta buga na dutse. 'Yan aji ɗaya suka dubi juna, kusan rabinsu suka ɗaga hagu, hannun makaranta. Zara har da miƙewa tsaye don a ga nata. Ta sake bugawa sau biyu, abin bai canja ba.

Duk wannan abu Daudu yana zaune a gaba bai motsa ba. Da ya gaji da jira sai ya ce, ba tare da ya waiwaya ba, da muryar nan tasa da ta fi inji, "To Likita, a fara mana! Rana tana yi!"

Wani ya fara dariya, ya haɗiye. Daudu ya juyo. Ya ga hannaye a sama, ya ga rodi a hannun Nafisat, ya ga ƙarfensa yana lilo. Ya fahimta. Ya cire hula ya sosa kai ya mayar.

Ya ce, "To. Kun dai gani."

Malama Ikilima ba shi take kallo ba, hannun Zara take kallo, wanda har yanzu yake sama. Ta tashi ta je ta kwance ƙararrawar da kanta, ta kai ofis ta sa a kabad ta kulle. Da ta dawo ta durƙusa a gaban Daudu ta ce, daidai kunnen dama, "Baba, ka yafe mini."

"Me ta ce?" in ji shi. Shatu ta rantse wannan karon ya ji sarai, so yake a maimaita.

Nafisat ba ta bar ko ɗaya ya tsere ba. Ta tsaya a ƙofa da littafinta, Daudu ya fara shiga, sauran suka bi kamar masu zuwa ta'aziyya. Ta wanke kunnuwa har la'asar. Ta ce abin da ta fitar daga kunnen wani ya isa a yi daɓen ɗaki. Ta saurari ƙirji arba'in da uku, ta rubuta wa mutum bakwai takarda zuwa babban asibiti a Kazaure. Ta raba takunkumin hanci, wanda har yau wasu a haɓa suke sa shi, wani kuma goro yake ajiyewa a ciki. Game da Daudu ta gaya masa gaskiya: na hagu ya tafi, na dama saura kaɗan, wanki ba zai dawo da su ba. Labari ya kai ga manajan kamfani. Ya aiko a tambayi mai nakiya ko a canja mutum. Mai nakiya ya ce shi ƙyallen Daudu kaɗai ya yarda da shi, in an canja a nemi wani mai harbawar.

Saura abin da zai kira yara. Aka gwada usur, inji ya cinye ƙararsa. Aka gwada ganga, mata suka fito da kwalliya suna tambayar gidan wa ake biki. A ƙarshe Malama ta hau tudu ta sami Daudu ta ce, "Baba, kai ka raba ni da ƙararrawa. Kai za ka zama ita."

Tun daga ranar, ƙarfe bakwai na safe yakan ɗauko sandar kiwon nan da ya jingine yana saurayi, ya bi lungu-lungu yana cewa "Makaranta!" Ba gidan da muryar ba ta shiga. Yakan tattaro su, ya kora su ta doguwar hanya wadda ta kewaye filin, ya ƙirga su a bakin ƙofa, sannan ya hau tudunsa. Gajeriyar hanyar ciyawa ta cinye ta. Duk sanda ya wuce ta gaban ɗakin shan magani da yara a gabansa, Nafisat takan leƙo ta ce, "Barka, Bafulatani ya samu garke!" Shi kuma ya ce mata garken ya fi na ubanta lafiya, tunda ba ita take musu allura kullum ba. Ƙarafa biyun da suka rage suna nan a gidan Shatu a matsayin murhu. Ta ce wanda yake so ya zo ya ɗauka da tuwo a kai.

Ban dawo daga Tudun Guduma da cewa komai ya yi daidai ba. Aji na uku yana yoyo, magani yakan ƙare kafin wata ya ƙare, kuma cikin mutum bakwai ɗin nan biyu sun riga mu gidan gaskiya. Amma ban ga kwaɗo a ƙofa ba, kuma na ga maza uku a kan benci suna jiran Likita ba wanda ya rufe fuska. Zara tana aji shida.

Kafin in tafi na hau tudu na same shi a gindin tsamiya, jan ƙyalle a kafaɗa. Akwai abin da yake ta cina tun da Shatu ta ba ni labarin ranar gwaji. Na tsuguna ta damansa na ɗaga murya.

"Baba, tunda ba ka jin ƙarfen, yaya kake sanin ya yi ƙara?"

Ya dube ni kamar yana mamakin shekara taran da aka ce na yi a makaranta. Ya nuna unguwa da sanda.

"Ɗan nan, ni da ƙarfe ai hannu ne kawai. Hanya nake kallo. Akwai wata baƙar akuyar Shatu, ta fi kowa taurin kai a garin nan. In na ga ta shige bayan bango, to ya yi ƙara."